Sukolashif Na Ƙetare: Wa Ake Ba, Kuma Don Me?

Jawabin da wani ɗalibin ajin ƙarshe ya gabatar a madadin 'yan ajinsu, a taron ɗalibai da matasan ma'aikata a Tudun Wada, Zariya.



Kafin mu shiga magana ya kamata mu amsa wata tambaya da muka san tana zukatan wasunku, watau me ya kai waɗanda ba su taɓa ƙetare ko da iyakar Jibiya ba su tsaya gaban jama'a suna bayani a kan karatun Turai. Gaskiya ne, babu ko ɗaya daga cikinmu da ya taɓa cin sukolashif, yawancinmu ma ko fasfo ba mu da shi. Hujjarmu ita ce mu ne mabukata, mai ciwo kuwa shi ya fi kowa tambayar magani. Mun shafe hutun da ya wuce muna bin yayyenmu da suka je suka dawo, da waɗanda suka nema ba su dace ba, muka kuma zauna muka karanta sharuɗɗan hukumomin da ke ba da wannan tallafi ɗaya bayan ɗaya. Abin da muka tsinta shi muka kawo muku, in mun yi kuskure ga malamanmu nan sai su gyara mana.

Idan aka ji labarin wane ya sami cikakken sukolashif, an ɗauke masa kuɗin makaranta da na jirgi da na ci da sha, maganganu biyu ake yi a majalisun Tudun Wada. Wasu su ce sa'a ce ta gamu da shi. Wasu su ce ai yana da hanya, kawunsa babba ne a Abuja. Ba mu musun rabo, ba kuma za mu rantse cewa ba a taɓa yin alfarma a ƙasar nan ba. Amma maganganun nan biyu suna da illa guda, ita ce suna sa matashi ya naɗe hannu, domin ba a koyon sa'a, ba a kuma zaɓen kawu. Abin da muka gano a bincikenmu ya saɓa da haka. Masu ba da kuɗin nan jari suke zubawa, suna kuma neman wanda ya san wata matsala ta ƙasarsu da kyau, ya fara taɓa wani abu a kanta, ya kuma nuna cewa ilmin da zai samo can zai dawo ya yi aiki da shi a nan. A kan wannan ne jawabinmu zai tsaya.

Bari mu fara da na da, tun da yake muna zaune ne a wurin da wannan al'amari yake da tarihi. Ga Kamfanin Gaskiya nan kusa da mu, inda Alhaji Abubakar Imam ya yi aikin jarida. A 1943 ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, da ya dawo ya rubuta labarin tafiyar a littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi, don wanda bai je ba ma ya ƙaru. Ga Wusasa can, garin Dokta Barau Dikko, wanda ya karanta likitanci a Jami'ar Birmingham ya zama likita na farko daga Arewa, ya kuma kasance cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. A 1945 aka tura Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana malamin makaranta a Bauci, zuwa Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan. Shekara guda ya yi. A 1946 Malam Aminu Kano ya bi sahunsa, ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman Arewa. Abin lura a nan shi ne malaman nan biyu ba daga benci aka ɗauke su ba, sai da suka riƙe alli suka san halin makarantunmu ciki da waje. Sun tafi da tambayoyinsu a hannu, shi ya sa shekara ɗaya tak ta ishe su. Ko da yake zamani ya juya, ma'aunin da ake auna mai nema bai sake ba ƙwarai.

Abin da ya sake shi ne darajar kuɗinmu. Iyayenmu suna ba mu labarin cewa a wajajen 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya, har ma'aikaci mai matsakaicin albashi yana iya tunanin tura ɗansa Ingila. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Da aka saki naira a watan Yuni na shekarar, ba a daɗe da shiga 2024 ba sai da dala ta haura naira 1,500. A shekarar 2024 ɗin ne muka ji labarin ɗaliban Nijeriya a wata jami'a ta Ingila da aka dakatar da karatunsu, aka ce su bar ƙasar, sabili da kuɗin da suka tara a gida ya narke kafin su gama biyan makaranta. Saboda haka ga ɗan Tudun Wada, wanda mahaifinsa malamin firamare ne ko ɗan tireda ko mai karɓar fansho, babu zancen rabin tallafi. Ko dai a ɗauke masa duka, ko kuwa ya zauna gida.

To, su wa ke ɗauke duka ɗin? Ba za mu lissafa su kaf ba, za mu ɗauki 'yan kaɗan da suka fi shafarmu. Akwai sukolashif na ƙasashen Kwamanwel, wanda aka kafa tun 1959. A nan Nijeriya ana bi ta Hukumar Sukolashif ta Tarayya ne, ita ke tace masu nema ta aika da sunaye Ingila. Akwai kuma wani reshensa da ake nema kai tsaye ta hannun jami'o'in can. Suna biyan kuɗin makaranta da na jirgi da alawus na wata-wata, har da ɗan kuɗin sayen rigunan sanyi. Suna bukatar digiri mai babbar daraja ta biyu ko abin da ya fi haka, sa'an nan suna sa mai nema ya rubuta dalla-dalla yadda karatunsa zai amfani ci gaban ƙasarsu. Akwai Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda ya faro a 1983, na digiri na biyu ne mai shekara guda. Wannan kam yayyenmu ma'aikata ya fi shafa, domin sharaɗinsa shi ne mutum ya yi aiki na aƙalla shekara biyu, watau awa 2,800, ya kuma yi alkawarin komawa ƙasarsu ya zauna shekara biyu bayan ya gama. Hukumar DAAD ta Jamus ita ma tana da kwasa-kwasai na fannin raya ƙasa masu irin wannan sharaɗi na aikin shekara biyu. A gida kuma akwai asusun PTDF, wanda aka kafa a 1973 don horar da 'yan ƙasa a fannin man fetur da makamashi, 'yan injiniya da 'yan kimiyya sai su kula da shi.

Akwai guda ɗaya da muke so mu yi wa 'yan sashen Hausa albishir da shi, tun da yake su ne aka fi yi wa ba'a da cewa sun zo jami'a koyon abin da suka sha a nono. A cikin shirin Fulbright na Amurka akwai wani reshe da ake ɗaukar matasan malamai su je jami'o'in can su koyar da harshensu na tsawon zangon karatu na shekara guda, daga Nijeriya kuwa Hausa da Yarabanci ake nema. Ba digiri ake bayarwa ba, amma ƙofa ce, ga ta kuma harshen uwa ne mabuɗinta.

Sai dai ba kowane abu da aka kira cikakken tallafi ne yake cika ba, a nan ne muke roƙon a saurare mu da kyau. Gwamnatin Tarayya tana da wata yarjejeniyar musayar ɗalibai da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Aljeriya da Hangari, su can su ɗauki kuɗin makaranta, mu nan mu biya alawus. An yi watanni ɗalibai ba su ga alawus ɗin ba, a 2024 aka rage shi daga dala 500 zuwa dala 220 a wata, a 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar dakatar da ɗaukar sababbi. Asusun TETFund, wanda ya tura malaman jami'o'i da yawa ƙetare, shi ma ya tsayar da wannan ɓangare tun daga watan Janairu na 2025. Gwamnatocin jihohi sukan yi nasu ƙoƙarin. Jihar Kano ta tura ɗalibai 501 a 2012, ta kuma sake shirin da mutum 1,001 a 2023, abin yabo ne ba shakka. Amma tallafin da ya dogara da kasafin kuɗin gwamnati yana tafiya ne da lafiyar baitulmali da kuma ra'ayin wanda ke bisa kujera, gwamnati kuwa takan sauya ɗalibi yana tsakiyar karatu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Duk wanda aka miƙa wa takarda ya tambaya tukuna: wa zai biya, da wane irin kuɗi, an ajiye shi ko kuwa sai an jira kasafin baɗi? Yunwa a gida akwai maƙwabci, a ƙasar da ruwa ke daskarewa kuwa babu gidan da mutum zai yi sallama.

Yanzu bari mu dawo kan abin da ke hannunmu. Abu na farko maki ne, a nan kuwa ƙannenmu 'yan aji ɗaya da biyu muke yi wa magana, domin mu namu ya kusa bushewa. A lissafin jami'armu mai maki biyar, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, babbar daraja ta biyu daga 3.50. Lissafin kuwa tarawa ake yi tun daga zangon farko. Da yawa daga cikinmu mun ɓata shekarar farko muna murnar samun gurbi, muna yawo tsakanin Samaru da Kongo, sai da muka kai aji uku muka farka, muka tarar ramin da muka haƙa ya fi ƙarfin cikowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba mu ce mai ƙaramar daraja ya yanke ƙauna ba, akwai waɗanda suka fara yin digiri na biyu a gida suka gyara, sa'an nan suka nema. Amma doguwar hanya ce, ga shi kuwa shekaru ba su jira. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai wata takwas ya ci mana, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Amma maki shi kaɗai ba ya ci. Mai daraja ta ɗaya daga Zariya zai tarar da irinsa daga Ibadan da Nsukka da Akara da Nairobi, kowa da takardarsa mai ƙyalli. Abin da ke raba su shi ne takardar bayanin manufa, inda ake cewa mutum ya faɗi ko shi wane ne, me yake so ya karanta, don me. Yayyenmu sun nuna mana irin waɗanda suka rubuta a karon farko aka ƙi su, da waɗanda suka rubuta daga baya aka karɓa, bambancin kuwa a fili yake. Na farkon duk kuka ne: ni maraya ne, ƙasarmu matalauciya ce, ina son in taimaki al'umma. Wannan magana mutum dubu ne suka rubuta ta, mai karantawa ya gaji da ita tun kafin ya kai ga taka. Na biyun kuwa suna kama abu guda ƙarami su riƙe shi da ƙarfi.

Bari mu ba da misali da abin da kowa a zauren nan ya sani. Ɗalibin injiniyan ruwa da ya tashi a Tudun Wada ya san sa'ar da 'yan garuwa ke fitowa, ya san nawa ake sayar da jarka da rani da kuma da damina, ya san layin da famfonsa ya daina kawo ruwa tun yana firamare, ya san abin da ke gangarawa cikin Kubanni daga magudanun gari. In ya ɗauki aikinsa na ajin ƙarshe a kan wannan, ya auna ruwan rijiyoyi ashirin ko talatin da hannunsa, ya rubuta abin da ya gani, to ya mallaki abin da babu wani farfesa a Landan ko Balin da yake da shi. Sa'ad da ya ce yana son ya je ya koyi dabarun tace ruwa masu araha, maganarsa tana da tushe. Haka ɗalibin aikin gona da ya san tsutsar da ke cinye wake a gonar mahaifinsa. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a bayan ɗakinsa, wadda a 2019 ta fitar da irin waken nan SAMPEA 20-T mai jure wa tsutsar. Me zai hana ya je ya roƙi a sa shi ko da auna tsirrai ne a lokacin hutu? Haka mai karatun shari'a a Kongo da ke zuwa kotu yana sauraron ƙararrakin gado, da ma'aikaciyar lafiya da ta san dalilin da ke hana matan unguwarsu zuwa awon ciki. Mun daɗe muna ɗaukar zamanmu a lungunan nan a matsayin naƙasu, muna jin kunyar ambatonsa a gaban 'ya'yan manya, alhali kuwa shi ne jarin da muka fi su da shi.

Wannan ya kawo mu ga malamai. Kowace hukuma tana neman wasiƙar shaida daga mutum biyu ko uku da suka san aikin mai nema. Ɗalibin da ya shekara huɗu yana zama a bencin baya, bai taɓa yin tambaya ba, bai taɓa taka ofishin malami ba sai ranar da sakamakonsa ya ɓace, in ya zo neman wasiƙa me malamin zai rubuta? Zai rubuta layi uku cewa yaro ne mai ladabi. Ladabi abu ne mai kyau, amma ba a ba da fam dubbai sabili da shi. Akwai kuma wata al'ada tamu da ya kamata mu duba. An tarbiyyantar da mu a kan kunya da kawaici, mutum bai faɗin alherin kansa, in an yabe shi sai ya sunkuyar da kai. Tarbiyya ce mai daraja, ba mu kuma ce a yar da ita ba. Amma a gaban masu ganawa, in an ce faɗi abin da ka taɓa jagoranta, ka ce ai ba kome, to sun rubuta ba kome. Wanda ya tara yaran layinsu yana koya musu lissafi da yamma shekara biyu, ya faɗa, ya kuma faɗi yara nawa ne, nawa suka ci jarrabawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan ya fi shafar 'yan'uwanmu mata, waɗanda sau da yawa su ke kan gaba a aji, amma su ne na ƙarshe wajen cika fom. Muna roƙon iyayenmu da ke nan, da mazajen da za su aure su, su dubi wannan al'amari da idon basira.

Akwai wata magana mai nauyi da ba za mu tsallake ba, ita ce ta dawowa. Daga cikin dalilan da asusun TETFund ya bayar na rufe ƙofarsa, ban da tsadar kuɗin waje, har da cewa wasu malaman da aka tura sun gama sun ƙi komowa. Ku duba wannan da kyau. Mutum ya sa hannu a takarda, an kashe masa dukiyar jama'a, ya sami wuri ya zauna, sa'an nan ƙofar da ya bi ta rufe a fuskar ƙannensa. Mun san dalilansu, mun san albashin malami, mun san halin asibitocinmu da ɗakunan gwaje-gwajenmu, ba kuma za mu yi alfaharin cewa mu mun fi su ƙarfin zuciya ba tun ba a gwada mu ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya san ba zai dawo ba, ya nemi hanyar da ba ta da wannan sharaɗi, akwai su. Kada ya rubuta labarin rijiyoyin Tudun Wada ya ci kuɗi da shi, sa'an nan rijiyoyin su sake ganinsa sai a hoto. Kada kuma mu ɗauka cewa ilmi sai an ƙetare teku. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya yi digirinsa na farko a Ingila, amma digirinsa na dokta a kan tarihin Katsina a nan Jami'ar Ahmadu Bello ya yi shi, ba mu kuwa ji wanda ya raina aikin ba.

Saura abu guda, shi ne wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Cikakken sukolashif yana fara biya ne bayan an ci shi. Kafin nan akwai kuɗin fasfo, da na jarrabawar Turanci irin su IELTS wadda sakamakonta shekara biyu kawai yake aiki, da na fitar da takardar makin shekara-shekara daga jami'a, da kuɗin mota zuwa Abuja ko Legas don ganawa. In aka tara su sun fi albashin wata da watanni na ƙaramin ma'aikaci. Mun san wani yayanmu, wanda ya gama a wata jami'a da daraja ta ɗaya, da ya cika kome, amma takardar makinsa ta yi wata huɗu tana yawo daga tebur zuwa tebur, ranar da ta fito an riga an rufe karɓa da mako biyu. Sai da ya jira shekara guda cur. Mun san wani kuma da aka kira ganawa, ya rasa kuɗin mota, ya ji kunyar roƙo, ya yi shiru. A wannan mataki ne ake zubar da 'ya'yan talakawa, tun kafin wani Bature ya ga sunansu.

Saboda haka, Malam Shugaba, muna gabatar wa ƙungiya da shawara. A buɗe wani ɗan asusu, kamar adashin da iyayenmu mata ke yi, yayyenmu ma'aikata su riƙa zuba abin da ya sawwaƙa duk wata, a riƙa ranta wa wanda ya cancanta kuɗin jarrabawa da na fasfo, in ya dace ya mayar daga alawus ɗinsa na farko. A kuma roƙi waɗanda suka je suka dawo su ba mu yammacin Asabar ɗaya a wata su duba takardun masu nema, su yi musu gwajin ganawa da Turanci. Chevening yakan buɗe ne a watan Agusta, na Kwamanwel kuma cikin watannin da ke biye, saboda haka in za a fara, ya kamata a naɗa masu riƙon asusun kafin a tashi daga taron nan, duk mai niyyar nema kuma ya shigar da takardar neman makinsa tun cikin wannan wata.